Dokar kulle ta 2020: Taƙaddama a kan kasuwa, hanya da masallaci a Kebbi da arewacin Najeriya

Daga watan Maris zuwa na Yulin 2020, hukumomi a Najeriya sun ɗauki matakan taƙaita zirga-zirgar jama'a irin waɗanda akasarin 'yan ƙasar ba su taɓa gani ba, da nufin daƙile yaɗuwar cutar korona.

An rufe makarantu da filayen jiragen sama, an toshe hanyoyin da suka haɗa jihohi, an kuma kulle wasu manyan birane baki ɗaya.

Matakan sun haddasa muhawara mai zafi, kuma kusan dukkanta ta ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: wane fita ne ya zama dole, wane ciniki ne kuma za a iya jinkirtawa?

A jihar Kebbi, inda rayuwar jama'a ta dogara a kan noman fadama da kamun kifi da fatauci, amsar wannan tambaya ta sha bamban da wadda aka bayar a Abuja ko Legas.

Bikin Argungu

Ranar 11 ga watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya.

A wannan rana ce kuma aka soma bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka shafe kimanin shekaru goma ba a yi ba, musamman saboda matsalar tsaro a arewacin ƙasar.

Bikin ya samo asali ne daga shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, abin da ya tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabawa bayan shekaru masu yawa na gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Shugaba Muhammadu Buhari ya halarci bikin na 2020, kuma dubban masunta sun faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, a gaban ɗimbin 'yan kallo daga ciki da wajen ƙasar. Kifin da ya zo na ɗaya ya kai nauyin kilo 78.

A lokacin mutum biyu kacal aka tabbatar suna ɗauke da cutar a Najeriya. Na farkonsu wani ɗan ƙasar Italiya ne da aka gano a Legas ranar 27 ga watan Fabrairu.

Bikin ya zamo ɗaya daga cikin manyan taruka na ƙarshe da aka yi a arewacin ƙasar kafin al'amura su sauya. Ba a cika mako guda da watsewa ba gwamnonin arewa maso yamma suka gana a Kaduna, suka yanke shawarar rufe makarantu na tsawon kwanaki 30 daga ranar 23 ga watan Maris.

Yadda aka kafa dokar

A jawabin da ya yi wa 'yan ƙasa ranar 29 ga watan Maris, Shugaba Buhari ya ba da umarnin kowa ya zauna a gida na tsawon makonni biyu a Legas da Ogun da kuma Abuja.

Ya dogara ne da dokar killace masu cututtuka ta 1926, wadda aka gada daga Turawan mulkin mallaka.

Umarnin ya keɓe wasu ma'aikata da aka ce aikinsu ya zama dole: na asibitoci, da masu sarrafa abinci da rarraba shi, da gidajen mai, da kamfanonin wutar lantarki da na sadarwa, da 'yan jarida.

Kwamitin shugaban ƙasa mai yaƙi da annobar, ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya Boss Mustapha, ya fitar da ƙa'idar cewa kasuwannin abinci a waɗannan wurare za su riƙa ci ne daga ƙarfe goma na safe zuwa biyu na rana, bayan kowane kwana biyu. Shagunan da ba na abinci ko magani ba kuwa aka ce su kasance a rufe.

Jihohi sun bi da nasu matakan. Kaduna ta kafa dokar hana fita ba dare ba rana tun ranar 26 ga watan Maris, dokar da ta ɗauki kimanin kwanaki 75. Gwamnatin Kano ta kulle jihar daga ranar 16 ga watan Afrilu, kafin daga bisani gwamnatin tarayya ta ɗora nata umarnin a kai.

Ranar 27 ga watan Afrilu shugaban ya sanar da sassauta kullen Legas da Ogun da Abuja daga ranar 4 ga watan Mayu. Amma a madadinsa ya kafa dokar hana fita a duk faɗin ƙasar daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe, ya haramta tafiye-tafiye tsakanin jihohi sai ga masu ɗauke da kayan abinci da makamantansu, ya kuma wajabta sanya takunkumin rufe baki da hanci.

Abin da ya iso Kebbi

Umarnin zaman gida na gwamnatin tarayya bai haɗa da Kebbi ba. Abin da ya iso Birnin Kebbi da Argungu daga Abuja shi ne dokar hana fitar dare, da toshe hanyoyin shiga wasu jihohi, da taƙaita taruka, baya ga rufe makarantun da aka riga aka yi.

Gwamnatin Abubakar Atiku Bagudu ta kafa kwamitin yaƙi da cutar, ta kuma tanadi wurin killace masu ɗauke da ita a asibitin Kalgo, kusa da babban birnin jihar. A makon ƙarshe na watan Afrilu aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a jihar, kwanaki kaɗan bayan an sami na farko a Sakkwato.

To sai dai annobar ta tarar da Kebbi cikin wani kullen tun da ma.

Tun watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur. Jihar tana iyaka da Nijar da Benin, kuma garuruwa irin su Kamba sun dogara ne da hada-hadar da ke tsakaninsu da Gaya a Nijar da Malanbil a Benin.

Don haka lokacin da aka toshe hanyoyin cikin gida a watan Mayu, fataken yankin sun sami kansu gaba kura baya sayaki: babu hanyar Dosso, ga kuma shingaye a hanyar Sakkwato da ta kudu.

Ba a sake buɗe iyakar Kamba ba sai a watan Afrilun 2022, fiye da shekara guda bayan buɗe ta Illela da ta Maigatari.

Mene ne 'dole'?

Rarraba ciniki gida biyu, na dole da wanda ba na dole ba, tsari ne da aka aro daga ƙasashen Turai, inda akasarin ma'aikata ke karɓar albashi, gwamnati kuma ke iya biyan wanda aka rufe wa shago.

A bisa wannan tsari, ana duba abin da mai saye yake buƙata ne. Shinkafa da magani dole ne, atamfa da takalmi da wayar salula kuwa suna iya jira.

Masu sukar tsarin a Najeriya sun ce an manta da mai sayarwa. Tela da ɗan koli da mai gyaran waya da ɗan dako ba su sayar da abinci, amma da cinikin ranar suke sayen abincin daren. Idan aka bar rumfar mai hatsi a buɗe aka rufe ta mai yadi, an bar abinci a kasuwa, an kuma hana mai yadi kuɗin sayensa.

Wannan hujja ta yi ƙarfi a yankunan da galibin jama'a ke rayuwar hannu baka hannu ƙwarya. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Mayun 2020 ya nuna cewa kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya, kusan mutum miliyan 83, suna cikin talauci tun kafin annobar, kuma jihohin arewa maso yamma na daga cikin waɗanda abin ya fi tsanani.

Wani binciken da hukumar ta yi ta wayar tarho tare da Bankin Duniya a watannin Afrilu da Mayu ya gano cewa kashi 42 cikin ɗari na waɗanda ke da aikin yi kafin annobar sun daina aiki, yayin da kashi 79 cikin ɗari na gidaje suka ce kuɗin shigarsu ya ragu.

Akwai kuma matsalar yanayin kasuwannin kansu. Kasuwar ƙauye da ke ci sau ɗaya a mako ba ta rabe abinci daban, sauran kaya daban. Manomi yana kawo akuya ko buhun gero ya sayar, ya sayi taki da sabulu da gishiri da rigar yaro a wuri guda. Da wuya a rufe rabin irin wannan kasuwa a bar rabi.

Taƙaita lokacin cin kasuwa ma ya sha suka. A Kano, inda aka ware ranakun Litinin da Alhamis domin mutane su fita sayayya na 'yan sa'o'i, jama'a sun riƙa yin cincirindo a kasuwanni fiye da yadda aka saba. Masu suka sun ce cunkoson kwana bakwai aka tattara a kwana biyu, wato abin da dokar ke gudu shi ta haifar.

Shinkafa, albasa da kifi

A Kebbi, matakan sun zo ne daidai lokacin girbin shinkafar rani da kuma shirin noman damina.

Jihar na kan gaba wajen noman shinkafa a Najeriya. A Birnin Kebbi ne Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin ƙasa na bai wa manoma rance a watan Nuwambar 2015. A 2016 aka fara sayar da shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas, a 2017 kuma aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi.

A kan takarda, dokar ta ba motocin abinci da na kayan noma damar wucewa. A kan hanya kuwa, direbobi da 'yan kasuwa a sassan ƙasar sun yi ta kokawa da yawan shingaye, da jinkiri, da karɓar na-goro. Kuɗin dakon kaya ya tashi.

Ga kayan da ba su jure ajiya, irin su ɗanyen kifi da kayan gwari, kwana ɗaya a bakin shinge asara ce. Albasar Aliero da busasshen kifin Yawuri kuwa manyan kasuwanninsu suna kudancin ƙasar, inda kulle ya rage masu saye.

Gwamnatin tarayya ta amince da wannan haɗari. A jawabinsa na ranar 13 ga watan Afrilu, shugaban ƙasa ya umarci ministan noma da wasu manyan jami'ai, cikinsu har da mataimakin shugaban majalisar samar da abinci ta ƙasa, muƙamin da Gwamna Bagudu ke riƙe da shi a lokacin, da su tabbatar annobar ba ta gurgunta daminar 2020 ba.

A nasu ɓangaren, jami'an lafiya sun koka cewa damar da aka ba motocin abinci ta zama kafar keta doka, domin an sha kama manyan motoci ɗauke da mutane a ɓoye cikin buhuna ko dabbobi. Da yawansu 'yan cirani ne da sana'a ta tsaya musu a kudu, suke neman komawa gida kafin saukar ruwa.

Daga baya wata masifar ta biyo. A watannin Agusta da Satumba ambaliyar ruwa ta mamaye fadamun jihar, inda ƙungiyar manoman shinkafa ta ƙiyasta cewa gonaki masu faɗin kimanin hekta 450,000 sun salwanta.

Hujjar masu goyon baya

Likitoci da jami'an hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, ƙarƙashin Dokta Chikwe Ihekweazu, sun kafa hujja da cewa rigakafi ya fi magani, musamman a lokacin da babu allurar rigakafi, babu kuma maganin da aka tabbatar.

Sun yi nuni da yadda asibitoci suka cika suka batse a arewacin Italiya da birnin New York, wuraren da suka fi Najeriya likitoci da kayan aiki nesa ba kusa ba.

A farkon annobar ɗakunan gwaji biyar ne kaɗai ke iya gano cutar a ƙasar, a Legas da Abuja da Edo da Osun. Babu ko ɗaya a arewa maso yamma. Manufar kulle, a cewarsu, ita ce a sami lokacin ƙara ɗakunan gwaji da gadaje, da kuma bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar.

Abin da ya faru a Kano ya ƙarfafa wannan hujja. A watan Afrilu masu haƙar kabari suka fara ba da rahoton ƙaruwar jana'iza, kuma an rasa malamai da masu sarauta da tsofaffin ma'aikata da dama cikin 'yan makonni.

A watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnati ya ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomin cikin birnin, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da cutar.

Masana tarihi sun kuma tuna da annobar mura ta 1918, wadda ta shigo ta tashar jiragen ruwan Legas, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake zuwa arewa, ta hallaka kimanin mutum dubu 500 a Najeriya.

Masallatai da azumi

Babu inda muhawarar ta yi zafi a ƙasar Hausa kamar batun sallar jam'i.

Malaman da suka goyi bayan dakatar da taruka sun kafa hujja da koyarwar addini da ta hana shiga ko fita garin da annoba ta ɓulla, da labarin yadda Halifa Umar ya fasa shiga Sham saboda annoba, da kuma matakin da Saudiyya ta ɗauka na dakatar da Umara da taƙaita shiga masallatan Makka da Madina.

Waɗanda suka ƙi kuwa sun yi tambaya: idan an bar kasuwa ta ci saboda abinci dole ne, me ya sa za a rufe masallacin Juma'a, alhali zaman huɗuba da salla bai kai awa guda ba? Wannan ma dai komawa ce ga ma'anar 'dole'.

A garin Kusada na jihar Katsina, wasu matasa sun ƙona ofishin 'yan sanda a ƙarshen watan Maris bayan an kama waɗanda suka jagoranci sallar Juma'a. A Jamhuriyar Nijar ma an yi tarzoma a garin Mirya da kuma unguwannin Yamai saboda rufe masallatai da dokar hana fitar dare, kafin gwamnati ta sake buɗe wuraren ibada ranar 13 ga watan Mayu.

An soma azumin Ramadan ranar 24 ga watan Afrilu. Ƙungiyar Jama'atu Nasril Islam, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, ta buƙaci a dakatar da tarukan tafsiri a masallatai, lamarin da ya sa malamai da yawa suka koma gidajen rediyo da talabijin da shafukan intanet.

An soke hawan Salla a manyan masarautu irin su Kano da Katsina da Zazzau. Aikin Hajjin wannan shekara kuma an taƙaita shi ga mazauna Saudiyya, don haka maniyyatan Najeriya ba su tafi ba.

Hukumomi sun dogara ƙwarai da sarakuna wajen isar da saƙo ga jama'a. A Kebbi akwai masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya daɗe cikin jagororin kwamitin sarakunan arewa da ya yi aikin wayar da kan jama'a a yaƙi da cutar shan-inna.

Wani batun da ya ja hankali shi ne shawarar gwamnonin arewa ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. An kwashi dubban yara a motoci daga jiha zuwa jiha, kuma gwaji ya nuna wasunsu na ɗauke da cutar. Masu kare haƙƙin yara sun ce matakin ya saɓa wa dokar hana tafiye-tafiyen da gwamnonin da kansu suka amince da ita.

Tallafi da rashin yarda

Kusan kowane ɓangare ya yarda cewa ba a iya tsare mutum a gida da yunwa. Gardamar ita ce ko gwamnati ta cika nata alkawarin.

Ma'aikatar jinƙai, ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq, ta raba naira dubu 20 ga gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu, shugaban ƙasa kuma ya ba da umarnin faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. An kuma ba da umarnin fitar da tan dubu 70 na hatsi daga rumbunan gwamnati. Idan aka kwatanta da yawan matalautan ƙasar, wannan ya yi kaɗan ainun.

Gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID, wadda Aliko Dangote na cikin jagororinta, ta tara biliyoyin naira domin sayen kayan asibiti da abinci. A watan Oktoba, bayan zanga-zangar neman rushe rundunar SARS, jama'a sun fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafin jibge. Gwamnoni sun ce ajiya ce ta jiran rabo, amma mutane da yawa ba su gamsu ba.

Yadda aka tilasta bin dokar ma ya ƙara dagula lamarin. A tsakiyar watan Afrilu Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 cikin makonni biyun farko na kulle, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a hukumance ya zuwa lokacin.

Sannan ga zargin cewa doka ta talaka ce kawai. Lokacin jana'izar shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Abba Kyari, wanda cutar ta kashe ranar 17 ga watan Afrilu, an ga manyan jami'ai cikin cunkoso a maƙabartar Gudu da ke Abuja, a daidai lokacin da ake hana sauran jama'a taro.

Kasancewar da yawa daga waɗanda aka fara sanar da kamuwarsu manyan mutane ne, irin su gwamnonin Bauci da Kaduna, ya sa wasu suka riƙa kiranta cutar masu kuɗi, wasu ma suka musanta samuwarta.

Ta fuskar shari'a

Wasu lauyoyi, da kuma marubuci Wole Soyinka, sun yi tambaya ko shugaban ƙasa na da ikon kulle jiha ba tare da ayyana dokar ta-ɓaci da amincewar majalisar dokoki ba.

Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda lafiyar jama'a, matuƙar an yi hakan bisa doka. Fadar shugaban ƙasa ta ce dokar 1926 ta wadatar.

Yunƙurin da shugaban majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya yi na sauya tsohuwar dokar da sabuwa ya gamu da adawa daga gwamnoni da ƙungiyoyin farar hula, waɗanda suka ce ƙudurin ya ba jami'an lafiya iko fiye da kima.

A wasu ƙasashe

Taƙaddama a kan abin da ya zama dole ba ta tsaya a Najeriya ba.

A yankin Wales na Birtaniya, an hana manyan kantuna sayar da tufafi da littattafai a kullen watan Oktoban 2020, har aka riƙa lulluɓe kantocin da leda, dubban mutane kuma suka sa hannu a takardar koke. A Faransa an yi ta ja-in-ja a kan ko shagon littattafai na cikin na dole. Afirka ta Kudu ta haramta sayar da sigari da barasa na tsawon watanni.

Ghana ta janye kullen Accra da Kumasi bayan makonni uku, a Malawi kuwa kotu ce ta dakatar da shi tun kafin ya fara aiki, saboda ba a tanadar wa talakawa abin da za su ci ba. A Indiya, inda aka ba da sanarwar 'yan sa'o'i kawai, ɗimbin 'yan cirani sun koma ƙauyukansu da ƙafa.

Abin da alƙaluma suka nuna

An sassauta matakan sannu a hankali. A farkon watan Yuni aka rage sa'o'in hana fitar dare, aka kuma ba wuraren ibada damar buɗewa bisa sharuɗɗa. An janye haramcin tafiya tsakanin jihohi ranar 1 ga watan Yuli. Kashin farko na allurar rigakafi, kusan miliyan huɗu, ya iso ƙasar ranar 2 ga watan Maris na 2021.

Ya zuwa watan Mayun 2023, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan cutar, Najeriya ta tabbatar da kamuwar mutum kimanin dubu 266, da mutuwar fiye da dubu uku. A Kebbi waɗanda aka tabbatar ba su kai 500 ba, waɗanda suka mutu kuma ba su kai 20 ba, abin da ya sanya ta cikin jihohi masu mafi ƙarancin adadi.

Kowane ɓangare ya sami abin kafa hujja a waɗannan alƙaluma.

Masu adawa da kulle sun ce an gurgunta sana'o'i saboda cutar da ba ta yi ɓarnar da aka yi hasashe ba. Tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari a watanni uku na biyu na 2020, ko da yake faɗuwar farashin ɗanyen mai na da nata kason. Hauhawar farashin abinci kuma ta kusa kai kashi 23 cikin ɗari a watan Maris na 2021.

Jami'an lafiya kuwa sun ce ƙarancin gwaji da rashin rajistar mace-mace sun ɓoye girman matsalar. Binciken jini da aka yi a ƙarshen 2020 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Legas da Enugu, da kusan ɗaya cikin goma a Gombe, sun riga sun kamu da cutar, akasarinsu ba tare da sun sani ba. Masana na ganin yawan matasa, a ƙasar da rabin jama'arta ba su wuce shekaru 18 zuwa 19 ba, na daga cikin dalilan da suka sa mace-macen ba su kai na Turai ba.

Inda aka fi samun daidaiton ra'ayi shi ne a kan yadda ya kamata a tsara irin waɗannan matakai. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta yi gargaɗi tun a 2020 cewa kulle baki ɗaya mataki ne na ƙarshe, saboda nauyinsa ya fi faɗawa kan talakawa.

Ga yanki irin kwarin Rima, wanda ya sha fama da sanƙarau da kwalara da ƙyanda, kuma ya ga ɓarkewar sanƙarau mai muni a 1996 da 2017, batun bai wuce ba. Duk lokacin da wata annobar ta sake ɓulla, hukumomi za su sake fuskantar tambayoyin 2020: wace kasuwa za ta ci, wace mota za ta wuce, wa zai ciyar da wanda aka ce ya zauna a gida, kuma ta bakin wa jama'a za su yarda da umarnin.